Mararrabar Bunso: Yadda Ake Cin Moriyar Minti Ashirin Tsakanin Kumasi da Accra

Daga Kumasi zuwa Accra kilomita 250 ne ko kusa da haka, kuma idan babbar bas ka shiga a Asafo, sau ɗaya tak direba zai tsaya dominka. Sauran tsaye-tsayen duk na dole ne: shingen kwastan na Kubease, cunkoson Konongo, ko wani fasinja da ya matsa sai an sauke shi a Nkawkaw. Tsayuwar da ake yi don cikinka da mararka da sallarka, galibi a mararrabar Bunso ake yin ta, kuma ba ta wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin. Direba zai ce ashirin. Agogonsa dai ya fi naka sauri.

Sana'ata sayar da turare da darduma da jallabiya a Alabar cikin Kumasi, kayan kuwa daga Tudu da Nima a Accra nake ɗauko su. Ga kuma gwaggona a zangon Koforidua, wadda ba ta yarda a daɗe ba ta ga fuskata ba. Saboda haka Bunso aiki biyu take yi mini: wurin shan iska idan na miƙe Accra, wurin sauya mota idan Koforidua na nufa. Yanzu da na fara aika yaran shago su kaɗai, na ga gara in rubuta abin da nake ta nanata musu da baki, kowa ma ya amfana.

Fara da sanin inda kake tsaye. Babban titin da ka biyo daga Kumasi shi ne N6. Ya ratsa Ejisu, Konongo, Juaso, Nkawkaw, Anyinam da Osino kafin ya kawo ka nan, daga nan kuma ya zarce Apedwa, Suhum, Nsawam, Pokuase har Accra. Idan daga Kumasi kake, hanyar da ta ɓalle ta hagu ita ce N4. Ita ke shiga garin Bunso kansa, ta wuce Osiem inda ake karkata zuwa Begoro, ta bi Tafo da Kukurantumi zuwa Koforidua, sannan ta hau duwatsun Akuapem ta Mamfe da Aburi, ta gangaro Adenta da Madina, ta ƙare a gadar Tetteh Quarshie. Ta dama kuwa hanyar Asiakwa ce da Kyebi, garin Okyenhene, sarkin Akyem Abuakwa. Wannan dogon tsauni mai duhun itatuwa da kake hange ta wannan ɓangaren shi ne dajin Atewa, kuma daga cikinsa kogunan Birim da Densu da Ayensu suke ɓuɓɓugowa. Ruwan famfon da 'yan uwanmu na Sabon Zango da Fadama a Accra ke sha daga madatsar Weija, Densu ne, wato daga wancan tsaunin ya taso.

Tsofaffin direbobi za su gaya maka cewa a da, mai zuwa Accra sai ya karkata ya ratsa Kyebi kafin ya fito Apedwa. Da aka miƙe titi daga Bunso zuwa Apedwa, manyan motoci suka daina shiga Kyebi, ciniki kuma ya taru a bakin mararraba. Amma tun kafin kwalta, koko ne ya raya yankin nan. Bayan Tetteh Quarshie, wanda ake danganta wa kawo koko ƙasar nan, ya dasa nasa a Mampong ta Akuapem a 1879, manoma suka yi ta kwararowa cikin dajin Akyem suna sayen fili suna dasawa. Jirgin ƙasa ya biyo sawun koko: daga Accra ta Nsawam da Koforidua, yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin a Tafo, sai a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, aka haɗa layin da Kumasi ta Nkawkaw. Duk inda jirgi ya yi tasha, zango ya tsiro, da mahautansa da 'yan goro da 'yan dako da malamin allo. Koforidua ita kanta ba tsohon gari ba ce can-can. Mutanen Juaben da suka baro Asante bayan rikicinsu da Kumasi ne suka kafa ta wajen 1875, a kan ƙasar da Okyenhene ya ba su, shi ya sa za ka ji ana ce wa masarautar New Juaben.

Da cutar kumburin reshe ta faɗa wa gonakin koko a shekarun 1930, Turawa suka buɗe tashar bincike a Tafo a 1938, wadda ta zama cibiyar binciken koko ta CRIG ta yau. A Bunso ma akwai kwalejin koko, da cibiyar adana irin tsirrai ta hukumar binciken kimiyya, CSIR, da gandun itatuwa mai gadar igiya a sama wanda makarantu ke kai yara. Yau jirgin ya daina zuwa, layinsa ciyawa ta cinye, duk nauyin ya dawo kan titi: fasinja, katako, siminti, da tirelolin da ke jan kaya daga tashar ruwan Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar. Ka riƙe maganar tirelolin nan, za ta yi maka amfani idan mun zo batun salla.

Akwai kuma dalilin doka. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana direban haya tuƙi sama da awa huɗu a jere ba tare da hutun minti talatin ba. Bunso ta faɗo kusan tsakiya, ko da yake ta ɗan fi kusa da Accra, shi ya sa masu gidajen hutawa suka kafa a nan. Wanda ya fi suna shi ne Linda Dor, har wasu fasinjoji ba su san sunan Bunso ba sai nasa. Akwai wasu a gaba da baya, da gidajen mai, da rumfunan bakin titi. Kowane kamfanin mota da inda ya saba shiga, ba kai za ka zaɓa ba.

To, ga yadda ake yi.

Shirin yana farawa tun daga Osino. Da ka ga an wuce Anyinam, ka farka, ka sa takalmi, ka ciro kuɗin da za ka kashe ka sa a aljihu daban. Ƙwandaloli da ƙananan takardu nake nufi, 'yan sidi biyar da goma. Banɗaki na kuɗi ne, kuma mai karɓa ba ta da lokacin nemo maka canjin sidi ɗari ga layi a bayanka. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, yana aiki a kantuna da yawa, amma ranar da mota biyar suka sauke mutane lokaci guda, kowa na danna waya, sai ka tsaya jiran saƙo har miyarka ta huce. Kuɗin sari kuwa ba ya fitowa a Bunso ko kaɗan. Yana nan inda ka ɗaure shi tun daga gida. Ƙaramar jaka mai waya da katin Ghana da tikiti ta sauka tare da kai, ko da minti biyu za ka yi.

Ƙafarka na taɓa ƙasa, kafin ka kalli ko'ina, juya ka kalli motarka. Karanta lambarta, ko ka ɗauke ta hoto. Wannan shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Bas-bas ɗin kamfani ɗaya kamar an tsaga kara suke, launi ɗaya, labule ɗaya, har fim ɗin da ake nunawa a ciki kan zo ɗaya, kuma a fili guda masu zuwa Accra da masu komawa Kumasi suke jeruwa. Na taɓa ganin wani dattijo da buhun goro a ƙarƙashin motarmu, ya fito daga banɗaki ya shige ta kusa da ita, ya sami kujera mai lamba irin tasa ya zauna. Allah ya taimake shi mai kujerar ta dawo da ledar soyayyar doya a hannu, ta tsaya a kansa tana masa Twi yana mata Hausa, ba mai jin wani. Yaron motarmu ne ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, Kumasi za ka koma? Goronka na nan zai tafi Accra shi kaɗai." Ka kuma gaya wa maƙwabcin kujerarka inda za ka, shi ma ya gaya maka. Idan direba ya tayar da mota, shi ne zai ɗaga murya ya ce akwai saura.

Daga nan banɗaki, kai tsaye. Kada ƙamshin abinci ya ja ka, domin layin banɗaki tsawo yake ƙarawa, na abinci kuwa raguwa yake. Mata su fi kowa gaggawa a nan, layinsu ya fi tafiyar hawainiya, balle mai goyo ko mai jan yara biyu. Takarda za a miƙa maka, ba buta ba. Don haka ka sayi ruwan leda biyu ko uku tun a bakin mota: ɗaya na tsarki, ɗaya na alwala, ɗaya na sha. Wanda ya iya tattali, leda ɗaya ta ishe shi alwala cikakkiya. Ka huda ƙaramin rami da haƙori a kusurwa, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Ni 'yar buta ta roba nake sakawa a jaka, ba ta da nauyi. Kada ka yi alwala a kan kwanon wanke hannu na cikin banɗaki kana ɗaga ƙafa, ka jiƙa wa mutane ƙasa, ka ja mana magana. Fita waje gefen magudana ka tsuguna.

Batun salla ya danganta da lokacin da ka baro gida, kuma tun a Asafo ya kamata ka yi lissafinsa. Daga Kumasi zuwa Bunso awa biyu da rabi ne zuwa uku idan hanya ta yi kyau. Wanda ya tashi bayan asuba zai iso da hantsi, ba shi da matsala. Wanda ya tashi wajen ƙarfe goma zai iso daidai azahar. Shi ne nake ba shawara ya yi azahar da la'asar a nan, domin abin da ke gabansa ba shi da tabbas: daga Bunso zuwa Accra awa biyu ne a takarda, amma tsakanin Nsawam da Pokuase da Ofankor kana iya zama cikin cunkoso har rana ta yi ja. Wanda ya tashi ƙarfe uku kuwa, magariba ce za ta tarbe shi a nan. Tafiyar ta wuce kilomita 80 nesa ba kusa ba, saboda haka ƙasaru ta halatta: azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu, magariba da asuba yadda suke. Haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha'i, sauƙi ne da aka yi wa matafiyi. Sharuɗɗan niyya da na kwanakin da za ka yi a can, ka zauna da malaminku na unguwa ya warware maka kafin ranar tafiya, ba a bakin mota ana maka hon ba. Alƙibla a ƙasar nan gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Da rana tsaka inuwa ba ta nuna komai, sai ka duba waya ko ka tambaya.

Wa za ka tambaya? Mai tsire. Duk tashar da ka je a kudancin Ghana, da wuya ka sami mai tukuba wanda ba ya jin Hausa, ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bamoshe, ko Badagombe. Yi masa sallama, ka ce, "Malam, ina ake salla a nan?" Zai nuna maka da wuƙar hannunsa, wani lokaci ma ya jawo tabarmarsa daga ƙarƙashin tebur. Shi ya san wace mai abinci ce ke girki da naman mahautan zango, shi ya san ko motar Koforidua ta kusa cika. Idan babu shi, hangi inda tireloli masu lambar Burkina ko Nijar suka yi layi. A inuwar ɗaya daga cikinsu za ka tarar da tabarma a shimfiɗe, buta a gefe, ɗan kurfoti da butar shayi tana tafasa, yaron mota yana ɗaga ta sama yana zubawa a ƙaramin kofi har kumfa ta tashi. Ban taɓa yi musu sallama an hana ni wuri ba. Sai dai ka auna nisa. Idan sai ka tsallaka babban titi kafin ka kai gare su, ka haƙura, ka shimfiɗa dardumarka a gefen filin da motarku take, inda kake ganinta. Kuma ka gaya wa direba ko yaronsa kafin ka tayar: "Masta, zan yi salla, minti biyar." Yawancinsu, Kirista ne ko Musulmi, za su jira wanda ya faɗa. Wanda ya ɓace ba labari shi ake bari.

Sai abinci, kuma a nan ni ra'ayina a bayyane yake: Bunso ba wurin zaman cin sakwara ba ne ga ɗan bas. Sakwara da miyar kwakwa tana son wanke hannu, da zama, da natsuwa, ga ta da zafi, ga nauyi a ciki, sannan ka koma kujera ka yi awa biyu ko huɗu ana jijjiga ka. Mai motar kansa ya zauna ya ci abinsa. Kai ɗan bas, ka ce a ƙulle maka: jalof, ko soyayyar shinkafa, ko wake da shinkafa, ko soyayyar doya da shito, ka ci a mota. Farashin cikin gidan hutawa ya fi na Aboabo, wannan kowa ya sani, kuɗin wuri da wuta da tsabta ne kake biya. Wanda aljihunsa bai kai ba, ga masu talla a waje.

A cikin masu tallan, ni mai dafaffen ƙwai nake nema. Za ta sauke tiren daga kai, ta fasa ɓawon da gefen cokali, ta ɓare shi cikin 'yar leda ba tare da yatsanta ya taɓa ba, ta tsaga shi da wuƙa bai rabu ba, ta cusa markaɗaɗɗen barkono da tumatir da yankan albasa a tsakiya. Biyu da ɗan burodi sun riƙe ka har tashar Circle a Accra. Ka duba yajin dai: idan ya fara kumfa ko ya yi tsami, tun safe yake cikin rana, ka karɓi ƙwan da gishiri kawai.

Nama kuwa, ka tambaya, ba kunya a ciki. Naman shanu da na akuya a ƙasar nan galibi daga hannun mahautanmu yake fitowa. Inda ake samun matsala shi ne tukunyar miya, domin akan haɗa nama iri-iri a ciki, har da ƙafar alade mai gishiri, da kuma naman daji wanda ba ka san yadda ya mutu ba. "Mame, prako wom?", wato "akwai alade a ciki?" da Twi, ya isa, za ta gaya maka gaskiya, ba ta son rigima. In ka yi shakka, kifi na nan, karfasa ko soyayyen kifin teku. Kuma ka lura da cokalin da ake ɗiba da shi da man da ake suya a ciki.

Abin da ya rage na mintunanka shi ne na tsaraba, kuma a nan ne yankin yake nuna arzikinsa. Agada, ayaba, gwaza da ganyenta, rogo, lemo, abarba, gwanda, manja a jarkoki, naman kaza da dodon koɗi idan damina ta sauka. Wanda zai je Accra, a nan ya kamata ya saya, domin abin da za ka biya a Nima ko Mamobi ya fi haka. Wanda zai koma Kumasi kuwa, ban ga dalilin ɗaukar agada zuwa Asante ba, sai dai manja. Farashin farko na ɗan bas ne, sun san kana sauri. Ka taya ƙasa, ka ce "te so", idan ta ƙi ragewa ka nemi gyara, sau da yawa gyaran ya fi ragin sauƙin samu. Kan agada ka zaɓi ɗanye shar idan gida za ka kai, nunanne zai dame a ƙarƙashin mota tun kafin Suhum. Kuma kafin ka biya kuɗin babban kaya, ka tambayi yaron mota ko zai buɗe maka but, don wani ba ya buɗewa sai an kai tasha, wani kuma sai ka ba shi na goro.

Manja yana son ido. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta gargaɗi jama'a kan manjan da ake zuba wa rinin Sudan IV don ya ƙara ja. Manja na gaskiya ja ne mai ratsin ruwan lemo, yana da ƙamshin kwakwa, kuma yakan yi gudaji a ƙasan jarka idan ya sha sanyi. Wanda ya yi ja wur fiye da kima, ni ba na saye. Ka sa a buɗe, ka shinshina, ka ɗanɗana, ka tabbata an sa leda a bakin jarkar kafin a murɗa marfi. Jarkar manja ɗaya da ta kwance a but ta isa ta ɓata dilar jallabiya, kuma ba naka kaɗai ba. Masu ɗaga gyazbi da sauran naman daji a bakin titi kuwa, ban da batun yanka, ka sani daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba lokacin hana farauta ne a dokar ƙasa, gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma da lasisi. Burodi ka bari sai Nsawam ko Nkawkaw idan motarku na tsayawa, nan ne gidansa.

Yanzu ga mai sauya mota. Idan Koforidua, Tafo ko Begoro za ka, akwai motar Koforidua kai tsaye daga Kumasi, ita ta fi sauƙi. Amma idan ta Accra ka samu, tun a tasha ka gaya wa mai lodi a Bunso za ka sauka, don a sa kayanka a bakin but, ba can ciki bayan buhunan wasu ba. Kuɗin Accra cikakke za ka biya a yawancin manyan bas, kada ka tsaya musu. Ka kuma ce "mararraba", domin gidan hutawar da za a shiga yana iya zama da 'yar tazara daga inda ƙananan motoci ke lodi. A bakin hanyar N4 za ka sami tasi da tirotiro, wato ƙananan bas na haya, masu zuwa Koforidua, a ɗaya ɓangaren kuma masu zuwa Kyebi. Ka shiga wadda ta kusa cika, ba wadda ta fi kyau ba. Ka yi ƙoƙari ka iso da rana, domin bayan isha'i motoci na raguwa, masu tasi kuma sai su ce sai dai shata. Masu zuwa Madina ko Adenta, da masu wucewa Ho ta Somanya da gadar Adomi, su ma ta nan hanyarsu take, kuma ranar da aka ce Nsawam ta toshe, hanyar Koforidua da Aburi takan fitar da mai ƙaramar mota, ko da yake hawa ce da kwana-kwana.

Tsallaka titin nan shi ne abu mafi haɗari da za ka yi a duk tafiyar. Tirela mai ɗauke da siminti ba ta tsayawa don ka ɗaga mata hannu, ko direban ya so. Kada ka ɓullo daga bayan motar da ke tsaye. Matsa inda kake ganin ɓangarorin biyu sosai, ka duba hagu, ka duba dama, ka sake duba hagu, domin tun 1974 dama ake bi a Ghana, ta kusa da kai daga hagu take zuwa. 'Yan okada kuwa ta ko'ina suke fitowa. Yaro a riƙe shi a wuyan hannu, tsoho a tsallaka da shi. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, lambar gaggawa 112 ce, kuma akwai asibitin gwamnati a Kyebi da Enyiresi, da Holy Family a Nkawkaw, da babban asibitin yanki a Koforidua.

Idan kuma ka fito ka tarar mota ta tafi, kada ka hau okada ka bi ta. Duba tikitinka, akwai lambar waya a jikin na yawancin kamfanoni, ga kuma hoton lambar motar da ka ɗauka. Je wurin direban wata motar kamfanin da ke filin, sun san juna, zai kira shi. Ko dai a jira ka a gaba, ko a ajiye kayanka a tasha, kai kuma ka biyo ta baya.

Mai tuƙa motarsa, kalma biyu. Ka tsaya ko ba ka jin gajiya, domin miƙaƙƙen titin da ke tsakanin Bunso da Apedwa da Suhum yana sa barci da gudu, kuma wurare da yawa a hanyar nan layi ɗaya ne kowane ɓangare, inda ganganci wajen wuce tirela yake cin rayuka. Ka zagaya motar, ka duba tayu, ka kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa ka ji ko wata ta fi sauran zafi, alamar birki na kamawa ke nan. Kada ka buɗe marfin lagireto da zafinsa. Ka ajiye mota inda kake hangenta daga teburin cin abinci, jaka kuma kada ta kwana a kan kujera. Kuɗin toll na hanya an daina karɓa a Nuwamban 2021, amma shingayen 'yan sanda na nan, takardunka su zama a kusa. Da hunturu hazo yakan rufe gindin tsaunukan da sassafe, da damina kuma ruwan yankin nan ba ya sallama. Idan kana da iyali da sauran rana, gandun itatuwan Bunso 'yan mintuna ne daga mararraba ta hanyar Koforidua, yara za su ga itacen koko da 'ya'yansa manne a jikin kututture, abin da yawancin 'ya'yan zango ba su taɓa gani ba sai a jikin kuɗi.

Ranaku ma ba ɗaya ba ne. Juma'a da yamma da Asabar da safe hanyar cike take da masu zuwa jana'iza cikin baƙi da ja, layin banɗaki har waje. Lokacin Ista, jama'a duk yankin Kwahu suke nufa, musamman tun da aka fara bikin tashi da lema daga dutsen Odweanoma a 2005, sai Nkawkaw ta cushe, cunkoson ya taɓo har nan. Jajibirin Babbar Salla kuma motocin shanu da raguna daga arewa ne ke gangarowa. A irin waɗannan ranaku ka ci abinci a gida, ka riƙo ruwanka, Bunso ta zama ta banɗaki da salla kawai. Tafiyar dare ma haka: wasu rumfuna sun rufe, fitila ba ta kai ko'ina ba, kada ka yi nisa da mota, kuma kada ka zaga bayan gini cikin ciyawa don gudun biyan kuɗin banɗaki, yankin daji ne, akwai macizai.

Da ka koma kujera, ka duba maƙwabcinka ya dawo, sannan ka yanke inda za ka sauka a Accra tun yanzu. Mai zuwa kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasan Agbogbloshie a 2021, tun kafin Amasaman zai sauka, kada ya bari a kai shi Circle ya dawo baya. Mai zuwa Fadama ko Lapaz ya yi magana kafin Achimota. Na Nima da Mamobi da Tudu su bari sai Circle. Wanda zai tarbe ka kuwa, kada ka kira shi daga Bunso ka ce ya fito. Ka bari sai kun wuce gadar Pokuase ka ga yadda hanya take, sannan ka ce masa ya taso.